Rabon Gadon Hubble: Kaso Ɗaya Ya Rasa Magaji

Wata Laraba cikin watan Nuwamba, ana sallame magariba aka ɗauke mana wuta a Tudun Jukun. Hazo bai sauko ba tukuna, sama tas kamar an wanke ta. Ɗan ƙanwata da ke zaune a wurina yana shirin jarrabawar shiga jami'a ya fito tsakar gida da waya a hannu, ya ce, "Kawu, tsaya nan, saura minti uku ta wuce." Yana da wata manhaja mai gaya masa lokacin da tauraron ɗan'adam zai gifta ta saman gari. Muka ɗaga kai kamar masu neman watan azumi. Can sai ga ɗigon haske ya ɓullo daga yamma. Ba ya ƙyafƙyaf irin na ƙananan jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da muka saba gani a nan Zariya. Tafiya kawai yake a natse, ya nufi gabas. Kafin ya kai bakin sama sai ya dushe, ya shige inuwar duniya.

"Hubble ke nan," in ji shi. "Amma ai ta tsufa, Kawu. An maye gurbinta da James Webb."

Haka kowa ke faɗa, har a rediyo, kuma ban ga laifin yaron ba. Sai dai maganar ba daidai take ba. Hubble da James Webb duk na'urorin hangen nesa ne da aka kai sararin samaniya, kuma ba a maye gurbin Hubble ba. Abin da ake yi ya fi kama da rabon gado tun mai dukiya tana raye: wannan ya ɗauki gona, wancan ya ɗauki gida, akwai kuma kason da har yau ba a samu mai ɗauka ba.

Mu fara da dalilin kai na'urar hangen nesa sama tun farko, ga duwatsu birjik a ƙasa. Duk wanda ya bi hanyar Kano da tsakar rana ya ga yadda motar da ke can gaba take rawa a kan kwalta kamar tana cikin ruwa. Iska ce mai zafi da mai sanyi ke cuɗanya suna lanƙwasa haske. Ƙyaftawar taurari da dare ma ita ce wannan. Tauraron ba ya ƙyaftawa, iskar da ke tsakaninmu da shi ce ba ta zama wuri ɗaya. Bayan wannan kuma iskar tana tare wasu nau'o'in haske ɗungurungum, ba sa isowa ƙasa sam. Tun a 1946 wani masani Ba'amurke, Lyman Spitzer, ya ce maganin abin shi ne a ɗaga na'urar sama da iskar. Sai bayan shekara 44, ranar 24 ga Afrilu 1990, kumbon Discovery ya ɗauki Hubble: tsawonta mita 13, kamar doguwar bas, babban madubinta mai faɗin mita 2.4, tana zagaye duniya cikin kimanin minti 95. Hanyar da take bi ba ta wuce digiri 28 da rabi arewa ko kudu da tsakiyar duniya, Zariya kuwa tana kan digiri 11. Shi ya sa take bi ta tsakar kanmu, abin da mutanen Ingila ba su taɓa samu ba.

Hotunan farko suka dawo dishi-dishi. Da aka bincika, ashe an yi kuskure wajen goge madubin, gefensa ya fi yadda ake so kwanciya da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi ba. Wannan ɗan mitsitsin kuskure ya mayar da aikin biliyoyin daloli abin dariya a jaridun Amurka. Abin da ya cece ta shi ne tun asali an ƙera ta ne yadda za a iya buɗe ta a sama a yi mata gyara: ga ƙofofi, ga mariƙai, ga akwatunan kayan aiki da ake zarowa kamar aljihun tebur. A Disamba 1993 'yan sama jannati suka je suka sanya mata abin da za a iya kira tabarau, gani ya washe. Suka sake komawa a 1997, 1999, 2002 da 2009. Kowace tafiya sai an sauya mata kyamara ko kwamfuta ko batura ko faifan hasken rana. Hubble ɗin da muka gani daren nan, gangar jikinta da madubinta na 1990 ne. Kayan ciki an sha sauya su.

A cikin ayyukanta akwai ɗaya da nake yawan ba ɗalibaina labari. A Disamba 1995 shugaban cibiyar da ke kula da ita, Robert Williams, ya sa aka kafa mata ido kwana goma a kan wani ɗan gurbi na sama da ake ganin babu komai a cikinsa, gurbin da bai kai ƙwayar geron da ka riƙe a ƙarshen miƙaƙƙen hannunka ba. Wasu suka ce ɓarnar lokaci ce. Da hoton ya fito sai ga galaksi kusan 3,000, wato manyan garken taurari irin wanda ranarmu take ciki, kowanne da biliyoyin taurarinsa. Ta kuma taimaka wajen tantance shekarun sararin samaniya, da gano cewa faɗaɗar da yake yi ƙara sauri take, binciken da ya jawo kyautar Nobel ta 2011.

To, ina tsufan yake? A 2011 Amurka ta ajiye kumbunan da ke kai mata masu gyara. Tun daga nan duk abin da ya lalace ya lalace ke nan. Abin da ya fi ba ta wahala shi ne wasu ƙananan na'urori da ake kira jairoskof. Wanda ya yi wasan katantanwa yana yaro ya san sirrinsu: muddin tana juyi da sauri, tsaye take ƙyam, ba ta son a karkatar da ita. A cikin kowace jairoskof akwai ƙaramin gargare mai juyi sau 19,200 a minti, da shi Hubble ke sanin ko ta motsa da kuma ina ta fuskanta. An sa mata sababbi shida a 2009. Ɗaya bayan ɗaya suka yi ta gazawa, har a Yuni 2024 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce daga yanzu da guda ɗaya za a riƙa aiki, a ajiye ɗaya saboda gobe. Tana gani yadda take gani, amma juyawa daga wannan tauraro zuwa wancan ya zama a hankali, kamar tsohuwar da idonta garau ne amma wuya ya sage. A 2021 ma kwamfutar da ke sarrafa kayan bincikenta ta tsaya kusan wata guda, sai da aka koma kan ta ajiya.

Akwai kuma saukowa. Ko a can sama akwai ɓurɓushin iska da ke ja mata birki kaɗan-kaɗan, ita kuwa ba ta da injin tura kanta. An ɗora ta a sama da kilomita 600, yau tana wajen 500. Idan rana ta yi zafin rai, kamar yadda take yi duk bayan kimanin shekara 11, iskar sama kan kumbura, jan ya ƙaru. Hasashen da aka fi yi shi ne za ta faɗo cikin shekarun 2030. A 2022 attajirin nan Jared Isaacman da kamfanin SpaceX sun nemi a bar su su je su ɗaga ta. NASA ta yi nazari, a 2024 ta ce a dakata, kada garin gyaran gira a rasa ido.

Yanzu ga James Webb, wadda ake cewa ita ce magajiya. An harba ta ranar 25 ga Disamba 2021 a kan rokar Ariane 5 daga garin Kourou, a wani yankin Faransa da ke Kudancin Amurka, aikin haɗin gwiwa tsakanin Amurka da Turai da Kanada. Madubinta mita 6.5 ne, an haɗa shi daga falle 18 masu kusurwa shida-shida kamar saƙar zuma, an shafe su da zinaren da duka-duka bai kai giram 50 ba. Tana tara haske kusan ninki shida na Hubble. Idan a nan aka tsaya, sai a ce ƙanwa ta fi ya, shi ke nan. Amma idon nasu ba iri ɗaya ba ne.

Dubi bakan gizo. Daga ja a gefe ɗaya zuwa shuɗi mai duhu a ɗaya gefen, iyakar abin da idon mutum ke gani ke nan. Amma haske bai ƙare a nan ba. Bayan ja akwai infared, wanda fata ke ji a matsayin ɗumi idan ka matso kusa da garwashi. Bayan shuɗin kuma akwai ultrabayolet, mai ƙona fata. Hubble tana ganin ultrabayolet, tana ganin hasken da muke gani, ta ɗan taɓa infared. Webb kuwa daga ruwan lemo da ja ta fara, ta nutsa can cikin infared. Shuɗi ma ba ta ganinsa, balle abin da ke bayansa.

Da gangan aka yi haka. Ka zana layuka kusa da juna a kan robar danƙo, sannan ka ja ta: tazarar layukan za ta buɗe. Haka sararin samaniya ke yi wa hasken da ke ratsa shi, domin shi ma faɗaɗa yake. Hasken da ya baro taurarin farko yana shuɗi, bayan tafiyar shekara fiye da biliyan 13 ya miƙe har ya koma infared, ya fita daga inda Hubble ke iya kamawa. Dalili na biyu kuwa mu 'yan Arewa mun fi kowa saninsa. Idan hazo ya yi kauri, da yamma za ka ga rana ta zama jan faifai, har ka iya kallonta. Ƙura ta watsar da shuɗin haske, jan ne ke ratsowa. Infared ya fi ja iya ratsa ƙura, taurari kuwa a cikin gajimaren ƙura ake haihuwarsu. Webb na leƙa ɗakin haihuwar da Hubble ke tsayawa a bakin labulensa. Ta hango galaksin da ya wanzu ƙasa da shekara miliyan 300 bayan farkon faɗaɗar sararin samaniya, kuma a 2022 ta gano iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi a sararin wata duniya mai kewaya wani tauraro daban.

Sai dai mai neman ɗumin da ya taso daga nesa dole shi kansa ya yi sanyi ƙalau, in ba haka ba zafin jikinsa zai makantar da shi. Don haka aka yi mata laima mai falle biyar, tsawonta wajen mita 21, faɗinta 14. Gefen rana zafinsa ya kusa na tafasasshen ruwa, gefen inuwa kuwa ya fi digiri 220 ƙasa da sifili. Aka kuma kai ta nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, kusan ninki huɗu na nisan wata, inda rana da duniya da wata duk suke bayanta, laima ɗaya ta tare su. Babu ɗan'adam da ya taɓa zuwa ko rabin wannan nisa. Ma'ana, babu mai gyara. An naɗe ta cikin roka kamar tabarma, kuma injiniyoyi sun lissafa wurare 344 waɗanda in ɗaya ya ƙi, aikin dala biliyan 10 ya tafi. Allah ya sa babu wanda ya ƙi. A Mayu 2022 wani ɗan tsakuwar sama ya bugi falle ɗaya na madubin ya bar tabo, tabon kuma yana nan har ƙarshen rayuwarta. Man da ke cikinta ana sa ran zai kai wajen shekara 20.

Na taɓa kawo wannan zance a garejin da nake kai mota a Sabon Gari. Maigidan garejin dattijo ne da ya koyi aiki a kan Fijo 504, zamanin da ake harhaɗa ta a Kaduna. Yana kwance ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai nake gani. Da na gama bayani sai ya turo kansa waje, ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Malam, ai wannan labarinmu ne. Fijo ko a dajin Birnin Gwari ta tsaya, da sufana da filaya zan tashe ta. Na yanzu kuwa sun fi ta gudu, sun fi ta shan mai kaɗan, amma ranar da ƙwaƙwalwar ta ƙi, sai dai a ɗauko janwe."

Zuciyata tana tare da shi, amma lissafi bai ba shi gaskiya duka ba. Kowace tafiyar kumbo ɗaruruwan miliyoyin daloli ta ci, kuma rayuka aka sa a kai. Bayan kumbon Columbia ya tarwatse a 2003 da mutum bakwai a ciki, NASA ta soke tafiyar gyara ta ƙarshe. Sai da masana da jama'a suka yi ca kafin a dawo da ita a yi ta a 2009. Akwai masu cewa kuɗin tafiye-tafiyen nan biyar da ya isa a ƙera wasu sababbin na'urorin. Amsata gare su ita ce, da ba a iya gyara ba, da labarin Hubble ya ƙare tun 1990 da madubi mai kuskure, kuma da wuya majalisar Amurka ta sake sakin kuɗi don irinta. Webb ɗin ma saura ƙiris majalisar ta soke ta a 2011 saboda tsada da jinkiri. Mu ma nan gida mun ɗanɗana: NigComSat-1 da aka harba a 2007 ya mutu a 2008 saboda matsalar faifan hasken rana, ba wanda zai iya hawa ya duba, sai wani aka sake harbawa a 2011.

Sauran magada ba sa buƙatar dogon bayani. Hubble da Webb duk leƙe suke yi ta kafar makulli: gani mai zurfi, fili ɗan kaɗan. Na'urar Nancy Grace Roman, mai sunan matar da ta fara shugabantar sashen ilimin falaki a NASA, ita ce mai hawa dutsen Kufena ta ga gari gaba ɗaya. Madubinta daidai yake da na Hubble, mita 2.4, kuma kyauta ce daga hukumar leƙen asirin Amurka mai kula da taurarin ɗan'adam, wadda ta ba NASA shi a 2012. An yi shi don kallon ƙasa, aka juya shi sama. An tsara ta yadda hoto ɗaya nata zai ɗauki filin da ya kai ninki ɗari na Hubble. Euclid ta Turai, da aka harba a Yuli 2023, tana zana taswirar kashi ɗaya cikin uku na sama. A ƙasa kuma, a duwatsun Chile, cibiyar Vera Rubin ta fitar da hotunanta na farko a Yuni 2025, za ta shekara goma tana ɗaukar saman kudu duk bayan 'yan kwanaki don ganin abin da ya motsa ko ya canza. A can ɗin dai Turawa na gina wata mai madubin mita 39, da dabarar lanƙwasa ƙaramin madubi sau ɗaruruwa a daƙiƙa don goge rawar iskar nan ta kan kwalta. Zurfi ya samu mai ɗauka, faɗi ya samu, kaifin gani ma ya samu.

Ultrabayolet ne maraya. Daga ƙasa ba a ganin mafi yawansa komai girman madubi, saboda wata iska da ke can sama mai suna ozon ta tare shi, kuma rahama ce gare mu da ta tare. Webb ba ta ganinsa, Roman ba ta ganinsa, Euclid haka. Alhali da shi ake karanta taurari matasa masu tsananin zafi, da siririyar iskar da ke kewaye da galaksi wadda daga cikinta sababbin taurari ke samun abinci, da kuma irin wutar da tauraro ke watsa wa duniyoyinsa. Wannan na ƙarshen yana da nauyi: idan Webb ta shinshino wata iska a wata duniya, ba za a iya cewa alamar rai ce ko ba ita ba ce sai an san irin ultrabayolet ɗin da ke dukan wannan duniyar, domin shi kaɗai ma yana iya farfasa iska ya haifar da alamar ƙarya. Yau Hubble ake tambaya. Magajiyar gaskiya, wadda masanan Amurka suka ba da shawarar ginawa a rahotonsu na 2021, ake kuma kira Habitable Worlds Observatory, ba a sa ran tashinta sai cikin shekarun 2040. Akwai ƙarama mai suna UVEX da NASA ta zaɓa a 2024, akwai kuma Xuntian ta ƙasar Sin mai madubin mita 2, wadda aka tsara ta riƙa raɓar tashar sararin samaniyarsu ana yi mata gyara. Za su rage zafi, amma ba su cike gurbin ba. Idan Hubble ta rufe ido a farkon shekarun 2030, za a iya shekara goma babu babban ido a wannan fanni. Abin lura, ita sabuwar ta 2040 ana tsara ta ne yadda mutum-mutumi zai iya zuwa ya yi mata gyara. Dattijon Sabon Gari bai faɗi ƙasa ba.

Akwai wani dalilin da ya sa nake ganin ganganci ne a yi saurin sallamar tsohuwar don tsimin abin da bai kai dala miliyan 100 a shekara ba. Idan za a sauya tiya a kasuwar hatsi, ba a jefar da tsohuwar sai an auna ta da sabuwar a gaban jama'a, in ba haka ba rigima ba ta ƙarewa. Masana na da irin wannan rigima. Awon saurin faɗaɗar sararin samaniya da aka yi da Hubble ya ba da kusan 73 a ma'aunin da masana ke amfani da shi, wanda aka ciro daga hasken farkon halitta ta wata na'urar Turai mai suna Planck ya ba da kusan 67. Ko dai tiyar wani ta lotsa, ko kuma akwai abin da ba a gane ba game da halittar kanta. Da Webb ta zo sai aka sa ta sake auna taurarin da Hubble ta auna, aka ga awon ya yi daidai. Gardamar ba ta mutu ba, amma an rage waɗanda ake tuhuma. Wannan ya yiwu ne don su biyun suna raye lokaci guda.

Wani zai ce, mu da ke fama da wuta da ruwa, ina ruwanmu? Ba zan ce hoton galaksi zai sauko da farashin masara ba. Amma ga abin da ɗalibai da yawa a Samaru ba su sani ba: duk abin da Hubble da Webb suka ɗauko ana zuba shi a rumbun intanet, kuma bayan 'yan watanni, galibi bai wuce shekara ba, kowa na iya saukewa kyauta. Neman lokacin amfani da su ma a buɗe yake ga masanin kowace ƙasa, kuma tun 2018 ake ɓoye sunan mai nema, alƙalai ba su san ko daga Harvard takardar ta fito ko daga Jami'ar Ahmadu Bello ba. Gasar dai da zafi, domin a wasu zagayen lokacin da ake nema a Webb ya kai ninki tara na wanda ake da shi. Roman da Rubin kuwa bayanan da za su kwararo sun fi ƙarfin masanan da ake da su. Abin da ɗalibin fizis ke buƙata shi ne lissafi, da iya rubuta manhaja, da data, da wutar da za ta kai shi asuba. Sai kuma haƙurin yi wa dangi bayani cewa ilimin taurarin nan ba duba ba ne.

A tafiyar 2009, kafin 'yan sama jannati su sake ta, sun ɗaura wa Hubble wani zobe na ƙarfe a gindinta. Ba na bincike ba ne. An sa shi ne don wata rana wani kumbo marar matuƙi ya kama ta nan, ko dai ya ɗaga ta sama, ko ya ja ta ya nutsar a tsakiyar teku, domin nauyinta ya haura tan 11 kuma madubin ba zai ƙone duka a iska ba. Har yau ba a ƙera kumbon ba.

Da na gaya wa yaron haka sai ya yi shiru, ya koma kan wayarsa. Ya tambaya ko za mu iya ganin Webb ita ma, na ce a'a, ta yi nisa, sai da babbar na'ura. Ya ce to Hubble za ta sake wucewa ranar Asabar, ya sa ƙararrawa. Daren Juma'a hazo ya sauko, ko Zara ba mu gani ba.